Auyo da Haɗejiya: Abin da Tarihi Ya Tanadar wa Baƙo a Bakin Kogi

Auyo tsohon gari ne a gabashin Jihar Jigawa, cikin fadamar Kogin Haɗejiya. A yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ɗaya daga cikin takwas da ke ƙarƙashin Masarautar Haɗejiya, amma kafin jihadi ƙasa ce mai sarkinta da harshenta. Tana cikin ƙananan masarautu bakwai na yankin, tare da Haɗejiya da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, waɗanda ke kai gaisuwa Borno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru.

Labarin kaka da kakanni ya nuna cewa wasu 'yan'uwa uku, Auyo da Teshe da Shira, sun taso daga Bagarmi ta gabas, kowa ya kafa gari da sunansa. Binciken masana harshe bai yi nisa da wannan labari ba ta fuskar 'yan'uwantaka, domin sun sanya Auyanci da Teshenanci da Shiranci cikin dangi ɗaya da Badanci da Ngizimanci. Duk harsunan ukun sun mutu, Hausa ta haɗiye su. Baƙon da ya zauna a majalisar dattawan Auyo zai ji ana kiran mutane Auyokawa, amma ba zai ji mai gaishe shi da Auyanci ba. Sunan kaɗai ya saura.

Sarautar Haɓe ta zo ƙarshe a farkon ƙarni na 19, lokacin da Umaru da Sambo, 'ya'yan Harɗo Abdure, suka jagoranci Fulanin yankin ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Auyo ta faɗa hannunsu, kuma daga baya Sambo ya shiga Haɗejiya ya mai da ita gidan sarauta. Tun daga nan Auyo ta koma bin garin da a da suke kafaɗa da kafaɗa.

Duk da haka, a ƙasar Auyo aka yi karon da Haɗejiyawa suka fi alfahari da shi. Sarki Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau gado a 1848, ya yi wa Sakkwato tawaye. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sa aka tara masa rundunar masarautu, Kano na kan gaba. A 1853 aka haɗu a Kaffur, Buhari ya auka musu ba zato, rundunar ta watse. Wannan shi ne Gamon Kaffur. Kaffur tana nan har yau, mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Auyo, kuma filin da dawaki suka yi sukuwa ya zama gonaki. Buhari kuwa bai sake miƙa wuya ba har ya rasu a 1863 a yaƙin Gogaram da Badawa.

Daga Auyo zuwa Haɗejiya tafiya ce 'yar kaɗan. An ce sunan birnin ya samo asali ne daga wani maharbi, Haɗe, da matarsa Jiya. A can baƙo zai ga fadar Sarki da ragowar ganuwar da ta sha wuta ranar 25 ga Afrilu, 1906, sa'ad da sojojin Ingila suka far wa garin bayan Sarki Muhammadu ya ƙi sallamawa. Sarkin ya faɗi a fagen fama tare da manyan bayinsa da 'ya'yan sarauta, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Kabarin Kyaftin Phillips, Baturen da mutanen gari suka laƙaba wa Maitumbi, shi ma yana Haɗejiya. Wanda ya zo da Sallah zai ga hawan Sarki Adamu Abubakar Maje, da ke kan gado tun 2002, da hakimansa cikin alkyabba, dawaki sun sha ado, ga kakaki da algaita.

Sai dai babban abin kallon yankin shi ne ruwa. Kogin yana baje kansa cikin fadamu har zuwa Nguru, kuma da sanyi tsuntsaye ke taso wa daga Turai su sauka su tarar da na gida: dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Da asuba masunta kan tura kwalekwale da gora su duba komarsu, su fito da tarwaɗa da karfasa, mafi yawa a banda su a kai kasuwar kifi ta Haɗejiya, inda fatake ke saye zuwa kudancin ƙasar.

Wannan ruwa ya canza hali. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da fadamu suka saba samu, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai da dama. A gefe guda, aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya ya mai da ƙasar Auyo gidan shinkafa da alkama. A shekarun da ruwa ya yi yawa, kamar 2020 da 2022, kogin yakan cinye gonaki da gidaje.

Saboda haka lokacin ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: hanyoyi sun bushe, tsuntsayen Turai sun iso, alkama kuma ta yi kore shar a bakin ruwa.