Sarautar da Ba a Gado: Tarihin Manyan Gwanayen Darar Ces

Yau zancenmu a kan darar Turawa ne, wadda ake kira ces, da muƙaman da ake bai wa gwanayenta.

Mu kan ce darar Turawa, amma asalinta ba nasu ba ne. Daga Indiya ta taso wajen ƙarni na 6, ta bi ta Farisa, Larabawa suka karɓe ta da sunan shaɗaranji. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, har an kasa 'yan wasa aji-aji, ajin ƙoli ana ce masa aliya. Cikin waɗanda suka kai wannan matsayi akwai Al-Adli da As-Suli. Wasan ya iso nan kusa da mu, domin a Barno an yi wani nau'insa mai suna tsatsarandi, wanda Turawan mulki suka rubuta labarinsa a shekarun 1930.

Muƙaman zamani kuwa daga hukumar FIDE suke, wadda aka kafa a birnin Faris a 1924. A 1950 ta naɗa mutum 27 a matsayin Giranmasta, wato Babban Gwani. A 1970 ta ɗauki tsarin lissafin maki na Farfesa Arpad Elo, haifaffen Hangari da ya tashi a Amurka. Daga nan auna gwaninta ya koma hannun lissafi.

Ga yadda matakan suke. Mai maki 2300 shi ne Gwanin FIDE. Gwanin Ƙasa da Ƙasa sai ya kai 2400, Giranmasta kuma 2500. Manyan biyun nan maki kaɗai ba ya isa. Galibi sai mutum ya kawo shaidar bajinta daga gasa uku, jimillar wasa 27 ko fiye. Mai neman Giranmasta dole a kowace gasa ya yi wasa kamar mai maki 2600, ya kara da 'yan wasu ƙasashe, cikinsu da masu riƙe da muƙamin.

'Yan uwanmu da suka zo daga Nijar sun san takobin kokawa da ake fafatawa a kansa tun 1975: wanda ya ɗauka bana, baɗi sai ya sake shiga fili. Haka kambun zakaran duniya na ces yake, ana ƙwace shi. Amma Giranmasta, in ba maguɗi aka kama mutum da shi ba, nasa ne har mutuwa. Sai dai ɗansa ba ya gada.

Bobby Fischer na Amurka ya samu a 1958 yana shekara 15. Nona Gaprindashvili ta Jojiya ce mace ta farko, a 1978. A 2021 Abhimanyu Mishra, ɗan Indiyawa mazauna Amurka, ya samu yana shekara 12 da wata huɗu.

To mu fa? Baƙar fata na farko shi ne Maurice Ashley a 1999, haifaffen Jamaika wanda ya koma Niyok yana yaro. A Afirka kudu da Sahara, Amon Simutowe na Zambiya ne ya buɗe ƙofa a 2009, bayan ya sha yawon gasa a ƙasashen waje. Bassem Amin, likita ɗan Masar, ya haura maki 2700. Najeriya na da Gwanayen Ƙasa da Ƙasa, irin su Odion Aikhoje da ya ci lambar zinare a gasar ƙasashen duniya ta Elista a 1998, amma ya zuwa 2024 ba ta da Giranmasta ko ɗaya. Shi kuwa Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Najeriya a 2017, a masaukin marasa gida yake lokacin da ya ci gasar yara ta jihar Niyok a 2019 yana shekara takwas.

Ku duba sunayen nan da kyau, da yawansu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi. Ba ƙwaƙwalwa aka fi mu ba. Sharuɗɗan muƙamin ne suke bukatar gasa mai rajista, da abokan karawa daga waje, da kuɗin jirgi da biza. Yaron da ya fi kowa a Bauchi, in bai taɓa shiga gasar da FIDE ke lissafawa ba, a littafinta ba shi da suna.

Akwai mai cewa ina hukuncin wasan? Malamai sun saɓa: Malikiyya sun tsananta, Shafi'iyya sun ce makaruhi ne in babu caca kuma bai hana salla ba. Kowa ya tambayi malaminsa.

Ga wanda ya natsu da shi, mu da muka bar garuruwanmu muka zauna nan mun san hanya, mun san wahalarta. Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa a Legas a 2018 ba da wani babban jari ba. Allon ces bai kai kuɗin waya ba. A saya wa yara, a nema musu mai koyarwa, a kai su gasa ko da sau ɗaya a shekara. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.