Daga Salaga Zuwa Nima: Tarihin Maganin Mura A Zangon Accra

Duk shekara, da zarar hunturu ya sauko daga arewa a watan Disamba ya lulluɓe Accra da hazo, sai wayoyin masu sauraro su koma kan abu ɗaya a shirinmu na safe: wane ne ya san abin da ke korar mura da wuri? Wannan ya ce a dafa citta da kanumfari, wancan ya ce sai an sa kimba, wata uwa ta ce a shafe ƙirji da man kaɗe a lulluɓa. Amsoshin ba sa canzawa, kuma kusan duk wanda ya kira daga Nima ko Maamobi sai ya ƙara da cewa haka ya ga kakarsa tana yi. Wannan ne ya sa na tambayi kaina: su kakannin, a ina suka samo?

Amsar tana kan hanyar goro. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, su sauke kanwa da tufafi da fatu a kasuwar Salaga, su ɗauki goron da Asante ke kawowa daga kurmi. Tafiya ce ta watanni, ana kwana a fili, raɓa da ƙura suna dukan mutum. Bafatake ba ya rabuwa da kayan yaji a jakarsa, domin a ganin Bahaushe mura sanyi ne ya shiga jiki, abin da ke fitar da sanyi kuwa sai mai zafi. Ko a littattafan likitancin Larabawa da malamanmu suka karanta, haka aka kasa cututtuka da magunguna, masu sanyi da masu zafi.

Idan muka dubi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, za mu ga kowanne da hanyar da ya biyo. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, sunansa ma daga Larabci muka aro shi. Citta daga Asiya ta fito kafin ta zama amfanin gona a ƙasashenmu. Kimba da masoro kuwa 'ya'yan kurmi ne, sun fi son ƙasa mai yawan ruwa irin kudancin Ghana; Asante suna kiran kimba hwentia, masoro kuma soro wisa. Man kaɗe daga dajin arewa yake zuwa. Kenan tukunyar da uwa ke ɗorawa a wuta idan ɗanta ya fara atishawa, kasuwanni da yawa ne suka haɗu a cikinta.

A 1874 Ingila ta ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante a kan Salaga ya ragu, sannan yaƙin basasar 1892 ya watse kasuwar. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku. A Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, Malam Na'inno ya riga ya zama jagoran Hausawa, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta biyo baya wajen 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya samu fili daga mutanen Osu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika da baƙi daga arewacin Ghana da Najeriya da Nijar da Mali da ƙasar Mosi. Kowa ya zo da abin da ya sani, Hausa ta zama harshen da ake musayarsa.

A nan ne maganin ya fito daga cikin gida ya koma bakin titi. Kokon da ake yi da gero da citta da kanumfari da barkono ya zama karin kumallon ma'aikatan birni, har kowa a Ghana ya san shi da sunan Hausa koko, ana haɗa shi da ƙosai. Lamurje ya zama lamugin a bakin mutanen Accra, zoɓo ya zama sobolo. Mutumin Ga ko Ewe da bai taɓa jin labarin Salaga ba, idan hancinsa ya toshe yakan nemi mai koko ya ce a ba shi mai zafi. Har yau, wanda ya shiga kasuwar Nima ranar Laraba zai ga buhunan waɗannan kayan ƙamshi jere, mata daga kowace unguwa suna awo.

Sai dai tarihin yana da shafi mai ɗaci, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A ƙarshen watan Agusta na 1918 wani jirgin ruwa ya taso daga Freetown ya iso gaɓar Gold Coast ɗauke da cutar da ta riga ta addabi duniya. Farkonta kamar mura: zazzaɓi, tari, ciwon jiki. Cikin watanni kaɗan ta bi hanyoyin fatauci har arewa. Masanin tarihi David Patterson ya ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu a ƙasar sun kai 100,000. A ƙasar Hausa an kira ta marisuwa, tsofaffi suka riƙa ƙirga shekaru da ita. Alhaji Umaru na Kete Krachi, babban malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya rubuta waƙa a kanta mai suna Tunkuyau. A wannan shekara an dafa citta, an yi sirace, an sha rubutu, likitocin Turawa ma sun gwada abin da suke da shi, amma an yi ta binne mutane. Asibitin Korle Bu kansa sai a 1923 aka buɗe shi.

Binciken zamani ya zo ya fayyace abin da ya shige wa na da duhu. Ƙwayoyin cuta na bairos ne ke kawo mura, iri-iri ne har sama da 200. A Ingila an buɗe cibiya ta musamman a Salisbury a 1946 don a gano maganinta, aka shafe fiye da shekara 40 ana gwaji, aka rufe ba a samu ba. Mura takan yi kwana 7 zuwa 10 ta tafi da kanta. Abin da ke taimakon jiki shi ne hutu, da shan ruwa da yawa, da abu mai ɗumi da ke sassauta maƙogwaro. Zuma tana rage tari, amma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Idan aka auna da wannan ma'auni, kakanninmu ba su yi nisa da gaskiya ba: koko mai zafi da farfesu da kwanciya a lulluɓe suna sauƙaƙa wa mai mura kwanakinsa, ko da ba su kashe ƙwayar ba.

Ghana ba ta yi watsi da wannan gado ba. A 1975 aka kafa cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem bisa ƙoƙarin Dakta Oku Ampofo, a shekarar 2000 kuma aka yi dokar da ta tsara sana'ar masu maganin gargajiya. Da korona ta shigo a watan Maris na 2020 aka kulle Accra mako 3, mun ga yadda gidajen Zango suka koma kan tukunya: siracen ganyen darbejiya, lemon tsami, tafarnuwa, habbatus sauda. Wasu sun samu sauƙi da natsuwa. Wasu kuma sun zauna a ɗaki suna sirace alhali numfashinsu yana ƙarewa, suna cewa ai mura ce.

Wannan kuskuren ne nake tsoro, domin a gidajen haya na Nima, inda iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya, ciwon mutum ɗaya na kowa ne. Akwai kuma sabon kuskure da kakanninmu ba su sani ba: zuwa kemis a sayi kafso na kashe bakteriya a haɗiya don mura. Ba ya taɓa bairos, sai dai ya sa maganin ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske. Shi ma sirace, tafasasshen ruwansa ya sha ƙona yara.

Don haka idan mai sauraro ya sake kira yana neman maganin mura, zan ce masa ya sha kokonsa da citta da kimba, ya huta, ya wanke hannu, ya rufe baki in zai yi tari. Amma idan zazzaɓi ya wuce kwana 3, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko kuwa jariri ne ko tsoho, to a sauke tukunya a nufi asibitin Maamobi, a gwada jini ko maleriya ce, a duba ko ciwon huhu ne. Mutanen 1918 ba su da inda za su je. Mu muna da shi, tafiyar 'yan mintoci daga kasuwar Nima. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.