Yadda aka kai ga ganin babbar jijiyar jini

Babbar jijiyar jini daga zuciya take tashi, ta lanƙwasa a ƙirji, ta gangara ciki. In bangonta ya tsage ko ya kumbura ya fashe, mutum na iya faɗuwa nan take. A da, sai an buɗe gawa ake gane dalili. Haka aka san abin da ya kashe Sarkin Ingila Joj na biyu a 1760.

A 1895, Ahmadu Kuran Daga na sarautar Damagaram, Bajamushe Rontigen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Jijiya kuwa ba ta fitowa. Sai a 1929 wani likitan Lisbon, Reynaldo dos Santos, ya soka doguwar allura ta bayan majinyaci har cikin jijiyar, ya zuba ruwa mai aidin, hoto ya fito. Kasada ce tsagwaronta: huda jijiyar da ake zargin ta raunana. Seldinger na Suwidin ya rage haɗarin a 1953 da dabarar zura siririn bututu ta fata.

Na'urar CT ta Hounsfield ta ɗauki majinyaci na farko a Landan a 1971, amma kai kaɗai take dubawa, kuma a hankali. Ƙirji ba ya tsayawa a jira shi. Matsalar ta warware a 1989, da aka ƙera na'urar da ke juyawa ba tsayawa, gadon majinyaci na tafiya. Layukan ɗaukar hoto suka zama 4 a 1998, suka kai 64 a 2004.

Yau ta jijiyar hannu ake zuba ruwan, majinyaci ya riƙe numfashi na ƴan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Likita ya auna kumburin jijiyar a ciki: in ya kai santimita 5.5, a fara maganar tiyata. Tsagewa kusa da zuciya tiyatar gaggawa ce. Ta ƙasa sau da yawa magani ake fara ba ta. Mai ciwon ƙoda kuwa, sai an yi hattara da ruwan.

Hawan jini ne kan gaba wajen jawo tsagewar, kuma ciwon da ke sukar ƙirji ya ratsa baya akan ɗauke shi gyambon ciki. Mutumin garin Dogo da abin ya sama, sai an gane, an samu mota, an kai shi babban asibitin Zinder. Likitoci na ƙiyasta cewa, in tsagewar kusa da zuciya ce kuma ba a yi tiyata ba, a kwana biyun farko kowace awa na ƙara haɗarin mutuwa da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari.