Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka

Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka, wadda aka fi sani da AFCON, ita ce babbar gasar ƙwallon ƙafa tsakanin ƙasashen nahiyar, kuma hukumar CAF ce ke shirya ta. An fara buga ta a Khartum, babban birnin Sudan, a 1957, da ƙasashe uku kacal: Masar, Sudan da Habasha. Afirka ta Kudu ce ta huɗu, amma aka cire ta saboda ta ƙi haɗa baƙaƙen fata da farare a tawaga ɗaya. Masar ta ɗauki kofin farko, kuma ita ce kan gaba da kofi bakwai.

Najeriya ta lashe gasar sau uku: a Legas a 1980, a Tunisiya a 1994, sai Afirka ta Kudu a 2013. Marigayi Stephen Keshi ya ɗaga kofin yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a 2013. A 1996 kuwa, gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana tawagar zuwa Afirka ta Kudu kare kambunta, lamarin da ya sa CAF ta haramta mata gasar 1998, alhali tana kan ganiyarta.

Tun 2019 ƙasashe 24 ke fafatawa, magoya baya kuma na tururuwa daga ko'ina. Cunkoson na da haɗari: ranar 24 ga Janairu, 2022, mutum takwas suka rasu a turmutsitsi a ƙofar filin wasa na Olembe da ke Yawunde, a daren karawar Kamaru da Komoros.