Kakar 2008/09 ta Gasar Firimiyar Najeriya

Kakar wasa ta 2008/09 ta babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta soma a ƙarshen damina ta 2008, ta ƙare a watan Yunin 2009. Kulob 20 suka fafata, kowanne ya buga wasa 38, gida da waje. Kamfanin sadarwa na Globacom ne ke ɗaukar nauyin gasar a lokacin. Bayelsa United ta ɗauki kambu a karon farko, ta karɓe shi daga hannun Kano Pillars, Heartland ta Owerri ta zo ta biyu. A Zamfara kuwa ba kambun ake tunawa ba. Abin da ya zauna a bakin mutane shi ne wasan ranar ƙarshe, da ci tara da nema.

Gasar ta samo asali a 1972, inda Mighty Jets ta Jos ta fara lashe ta, aka mayar da ita ta ƙwararru a 1990. A shekarun baya kamfanoni da attajirai ne ke riƙe da manyan kulob da dama: Leventis United da Abiola Babes da Stationery Stores, da BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar a 1978. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, masu kuɗi suka janye hannu ɗaya bayan ɗaya, nauyin ya koma kan gwamnatocin jihohi. Ita kanta Heartland, Iwuanyanwu Nationale ce ta dā, ta attajiri Emmanuel Iwuanyanwu, sai a 2006 gwamnatin Imo ta karɓe ta ta sauya mata suna. Kafin 2008, gasar da ake kira ta ƙasa ta zama kusan gasar gwamnoni, kulob na cin abinci daga kasafin jiha, ba daga kuɗin ƙofa ba.

Jerin sunayen kakar ma ya nuna haka. Huɗu daga cikin kulob ɗin na ɗauke da sunayen jihohin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro rana guda, 1 ga Oktoba 1996: Bayelsa United da Zamfara United da Gombe United da Nasarawa United. Sabuwar jiha na bukatar sakatariya da gidan rediyo da tambari, tana kuma bukatar kulob da zai riƙa yawo da sunanta a jarida duk mako. Zamfara United, wadda gidanta ke filin wasa na tunawa da Sardauna a Gusau, ta hau babbar gasa ne a shekarun da jihar ke hannun gwamnoninta na farko na farar hula, Ahmad Sani Yariman Bakura (1999 zuwa 2007) da magajinsa Mahmud Aliyu Shinkafi. Ga mai sha'awar ƙwallo a Bakura ko Talata Mafara ko Maradun, Gusau ce wuri mafi kusa da zai ga Enyimba ko Enugu Rangers ido da ido, domin Sakkwato da Kebbi da Katsina ba su da wakili a gasar a waccan kakar. Yawancin samari dai sun fi sanin jadawalin Firimiyar Ingila, wadda suke kallo a gidajen kallon ƙwallo da janareta.

Rabin kulob ɗin daga tsohuwar jihar Arewa suke. Ban da Zamfara da Gombe da Nasarawa, akwai Kano Pillars da Kaduna United da Wikki Tourists ta Bauchi da Niger Tornadoes ta Minna da JUTH ta Jos da Lobi Stars ta Makurɗi da FC Abuja. Tafiya daga Gusau zuwa Fatakwal ko Uyo a bas ake yin ta, yini da kwana a hanya, a iso a gajiye a shiga fili. Ƙari a kan haka, gasar ta yi suna da cewa mai gida ba ya faɗuwa a gidansa. Cin wasa a waje abin labari ne, kunnen doki ma riba ce, alƙalan wasa kuma sun sha ƙorafi daga baƙi da barazana daga 'yan kallo. Sakamakon haka maki kan cunkushe a tsakiyar teburi, kulob da yawa su kai makon ƙarshe ba su san makomarsu ba.

Haka aka shiga ranar rufewa. Kulob huɗu na ƙasa ne ke gangarawa rukuni na biyu, wanda masu sharhi a rediyo ke wa laƙabi da ajin gajiyayyu, kuma Zamfara United na bakin ramin tare da Akwa United ta Uyo. Nasara kaɗai ba za ta ishe ta ba, sai ta haɗa da ruwan ƙwallaye saboda bambancin ci. Ta lallasa Kaduna United da ci 9 da 0, ta tsira, Akwa United ta faɗa tare da Nasarawa United da JUTH da FC Abuja. A gasar da ci biyu ke zama babbar rata, ƙwallo tara a ranar da ake neman su daidai ba su shiga kunnen kowa da sauƙi ba. Jaridu suka yi ca, mutanen Uyo suka yi kukan an sayar da wasa, amma Zamfara United ta buga kakar da ta biyo baya a babbar gasa. Masu dogon tunani sun tuna wa Akwa United cewa ita ma a 2006 da ci 13 da 0 a kan Calabar Rovers ta samu hawa, a ranar ƙarshe, lokacin da take neman ƙwallaye masu yawa. Abin da ya ƙara wa faɗuwarta ɗaci shi ne ɗan wasanta Akarandut Orok ne ya fi kowa zura ƙwallo a kakar, da 17. Cutar ba ta tsaya nan ba: a Yulin 2013, a wasannin neman hawa na ƙananan kulob a Bauchi, an rubuta 79 da 0 da kuma 67 da 0 a rana ɗaya, har hukumar ƙwallo ta ƙasa ta dakatar da waɗanda ke ciki.

Murnar zakarun ma ba ta kwana ba. Sa'o'i kaɗan bayan Bayelsa United ta tabbatar da kambunta, 'yan bindiga suka harbe kyaftin ɗinta Abiel Tabor a kan hanya yana cikin motarsa, ya rasu.

Abin alfaharin shekarar a waje aka same shi. Kano Pillars, wadda ta kasa kare kambunta a gida, ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka. Aka tashi 1 da 1 a Najeriya, 2 da 2 a Alƙahira, Masu Gida, wato Pillars, suka wuce da ƙwallayen waje. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe a Oktoban 2009, inda Heartland ta cire su, ita kuma ta rasa kofin a hannun TP Mazembe ta Kwango, shi ma da ƙwallon waje. A gida kuma, Enyimba ta Aba ta ɗauki kofin ƙalubale bayan ta doke Sharks ta Fatakwal.

A kakar 2009/10 Bayelsa United, tana riƙe da kambu, ta gangara rukuni na biyu. Zamfara United ta ƙara kaka biyu a sama, ta bi ta a 2011.