Daga Ɗan Aike Zuwa Intanet: Taƙaitaccen Tarihin Sadarwa a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

   

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ba a sanin amfanin rijiya sai ranar da ta ƙafe. Mu mutanen Zamfara mun ga gaskiyar wannan magana a watan Satumba na 2021, lokacin da aka wayi gari wayoyin da ke aljihunmu sun koma tocilan da agogo. Tun daga ranar na riƙa tambayar kaina: shin wace hanya saƙo ke bi daga hannuna zuwa hannun ɗan'uwana, kuma yaya iyaye da kakanni suka yi kafin zuwan wannan abu? Abin da na fahimta shi ne na kawo a wannan ɗan rubutu. Ni ba injiniya ba ne, saboda haka in na yi tuntuɓe, malamanmu na kimiyya da na tarihi sai su gyara mani kamar yadda suka saba.

Zamanin Manzanni

Kafin zuwan Turawa, saurin labari bai wuce saurin ƙafa ko na doki ba. Sarki na da manzanninsa, fatake na ɗaukar sallahu daga kasuwa zuwa kasuwa, sankira kuma shi ke zaga gari da shela. Amma kada a ɗauka ƙasar nan ba ta san rubutu ba. 'Yandoto, wadda ke ƙasar Tsafe, tsohon garin malamai ne da almajirai ke zuwa daga nesa tun kafin jihadi. Bayan Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, garin ya shiga cikin tsarin Daular Usmaniyya, inda wasiƙu cikin Larabci ke kai da kawowa tsakanin Sakkwato da sarakunanta, galibi ta hannun Waziri. Muhawarar da aka yi a rubuce tsakanin Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Barno shaida ce a kan haka.

Abin lura a nan shi ne hatimi. Wasiƙa ba ta karɓuwa sai an ga hatimin mai ita, kuma an san manzon da ya kawo ta. Wato tun a wancan zamani, tambayar farko ita ce: wa ya aiko ka?

Tangaraho, Jirgin Ƙasa da Gidan Waya

A 1886 aka haɗa Ikko da Ingila da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai suka ci gaba da jan waya a kan turaku zuwa manyan garuruwan Arewa, domin Razdan da Di'o su riƙa jin umurni da wuri. Tangaraho ba ya ɗaukar murya. Akawu ne ke ƙwanƙwasa wata 'yar na'ura, gajeren bugu da dogo, kowane harafi da nasa tsari, akawun da ke wancan gefe kuma ya saurara ya rubuta. Da yake kowace kalma kuɗi ce, sai mutane suka koyi taƙaita magana, kuma duk gidan da aka kai wa irin wannan takarda sai gaban kowa ya faɗi.

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta biyo Funtuwa da Tsafe da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929. An shimfiɗa ta ne domin kwasar gyaɗa da auduga, amma jakunkunan wasiƙu su ma suka samu abin hawa. Daga nan gidan waya ya zama wurin da kowa ya sani: ka sayi ambulan da kan sarki, in ba ka iya boko ba ga mai rubuta wasiƙa zaune a bakin ƙofa. Rediyo kuma ya zo da nasa. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna kuwa ya zama dandalin gaishe-gaishen masoya da 'yan'uwa. Da yawa cikinmu mun riski ƙarshen wannan zamani. Wa zai manta da ranar da ake kiran sunayen masu wasiƙa a filin taro, kowa ya kasa kunne ko za a ambaci nasa?

Daga Tarho Zuwa Salula

A 1985 aka raba harkar tarho da ta wasiƙu, aka kafa NITEL. A 1992 aka kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC. Duk da haka, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, tarho kayan ofis ne da gidajen masu hali. Har zuwa shekarar 2000, layukan da ke aiki a Nijeriya duka kimanin 400,000 ne, alhali jama'ar ƙasa sun haura miliyan 100.

A watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Da fari layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi kuɗin minti guda za a cire. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sai farashi ya fara sauka. Cikin shekarun da suka biyo, dogayen ƙarafunan sabis suka tsaya a Gusau, sa'an nan suka bi babbar hanya zuwa Tsafe da Bunguɗu. Mu 'yan ajinmu muna tuna masu laima da tebur a bakin titi, inda muke biya mu kira gida. A 2025 layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 150.

Asalin Intanet

Intanet ta girmi yawancinmu. Ranar 29 ga Oktoba 1969 aka fara aika saƙo daga wata kwamfuta a jami'ar Los Angeles zuwa wata a Stanford, duk a Amurka, da kuɗin ma'aikatar tsaron ƙasar. Haruffa biyu kacal suka isa, na'urar ta tsaya. A 1971 Ray Tomlinson ya ƙirƙiro wasiƙar imel tsakanin kwamfutoci. A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka tsara ƙa'idojin da za su sa kwamfutoci iri dabam-dabam su fahimci juna, aka kuma koma aiki da su ranar 1 ga Janairu 1983. A 1989 wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, ya kawo dabarar shafukan da ke sarƙe da juna, abin da muke kira yanar gizo. A 1993 cibiyar ta sakar wa duniya wannan dabara kyauta.

Nijeriya ta shiga sahu a tsakiyar shekarun 1990. Mu kam mun fara saninta ne a shagunan kwamfuta, inda ake sayen minti talatin, rabinsu su ƙare wajen jiran shafi ya buɗe, domin duba sakamakon jarrabawa. Abin da ya kawo sauƙi shi ne wayoyin teku: bayan SAT-3 ta farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, ta kamfanin Google mai suna Equiano kuma ta sauka a Ikko a 2022.

Yadda Saƙo ke Tafiya

Alal misali, a ce ɗan'uwa a Tsafe ya aika hoton ɗaurin aure ga abokinsa a Landan. Wayarsa za ta fara mayar da hoton lambobi, sifili da ɗaya, sa'an nan ta yayyanka shi ƙananan ƙunshi masu yawa. A kan kowane ƙunshi akwai adireshin mai aikawa da na inda za shi da lambarsa a jeri. Kamar ɗan kasuwa ne ya zuba gyaɗarsa a buhu ɗari, ya rubuta suna da lamba a kan kowane, ya rarraba wa motoci. Wata ta bi Zariya, wata ta bi Kwantagora. In sun isa sai a jera su, wanda ya ɓace kuma a sake aiko madadinsa.

Daga waya zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, ta iska ake tafiya, irin ta rediyo.  Daga ƙarfen, ko dai faifan da ke samansa ya cilla wa wani ƙarfe, ko a shiga wayar gilas da aka binne a gefen hanya, wadda siririn zarenta bai fi gashin kai kauri ba. A cikinta haske ne ke ɗauke da saƙon, yana gudun kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa guda. A kowace mararraba akwai na'ura mai aikin ɗan kamasho, ta duba adireshi ta ce bi nan. Haka har Ikko, a shiga teku, a je manyan kwamfutocin kamfanin da ke da manhajar, su kuma su miƙa wa mai shi. Akwai ma wasu kwamfutocin da aikinsu kawai riƙe rajista, su mayar da sunan shafin da ka rubuta zuwa lambar adireshinsa.

Ashe ke nan abin da muke gani kamar siddabaru, ƙarfe ne da gilas da janareto da man dizal da mai gadi. Shi ya sa in masu aikin hanya suka tsinke waya, ko aka sace batir a gindin ƙarfe, gari guda ya yi shiru. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka sha wahala kwana da kwanaki.

Abin da ya jawo talaka cikin wannan harka kuwa shi ne harshe da murya. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a shekarar, Facebook kuma ya samu Hausa a 2016. Yau tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana danna waya ta yi wa jikanta faɗa yana Saudiyya.

Ranar da Waya ta yi Shiru

Shekarar 2021 ta zo wa Zamfara da nauyi. A watan Fabrairu aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai a Ƙaya ta ƙasar Maradun. Ranar Juma'a 3 ga Satumba, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, NCC ta umurci kamfanoni su rufe sabis a jihar baki ɗaya, da fari na mako biyu, daga baya aka ƙara. Hujjar ita ce 'yan bindiga da waya suke jin motsin sojoji daga bakin masu kai musu rahoto, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa. An haɗa da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka.

Nan take masu sana'ar cirar kuɗi suka rasa abin yi, ciniki ya koma hannu da hannu. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa domin kiran waya kawai, har Katsina ita ma ta rufe ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwar, Sakkwato ta rufe 14. Sai aka koma gidan jiya. Ni kaina na yagi takarda na rubuta wa mahaifiyata wasiƙa, na kai tasha na ba direban Bunguɗu. Bayan kwana uku amsa ta dawo a bayan takardar tawa, da rubutun ƙanena. A ranar na gode wa malaminmu na Hausa da ya matsa mana a kan ƙa'idar rubuta wasiƙa.

An maido da sabis a Gusau ranar 1 ga Oktoba, sauran wurare kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwa. Har yau ana muhawara. Wasu na cewa matakin ya rikita ɓarayin daji na ɗan lokaci. Wasu kuma na cewa mutumin ƙauye shi ya fi jin jiki, domin wayar da ɓarawo ke amfani da ita, ita ce wadda ake kiran agaji da ita, ake kuma gargaɗin maƙwabta. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne matsalar ba ta ƙare da rufewar ba.

Kammalawa

'Yan'uwa, saƙon da manzo ke yin kwanaki kafin ya kai Sakkwato yau ƙiftawa da bismilla ne, sai dai hatimin ya ɓace a hanya. Hoton tsohon hari a wata ƙasa sai a ce na jiya ne a hanyar Tsafe, mu kuma mu tura wa zauren ƙungiya ba bincike, hankalin iyalai ya tashi a banza. Wani ya saci lambar ɗan ajinmu ya roƙi kuɗi da sunansa, mu aika. Addininmu ya umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, Bahaushe kuma ya ce magana zarar bunu ce.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku. Ta farko, kada kowa ya tura labarin hari ko rasuwa ko neman taimako sai ya ji daga bakin wanda ya sani. Ta biyu, sakatare ya buɗe littafi na takarda mai ɗauke da unguwa da gidan kowane ɗan ƙungiya, domin mun ga ranar da lambar waya ba ta yi amfani ba. Ta uku, mu haɗa hannu mu samar wa makarantarmu ɗakin kwamfuta mai wutar rana. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, bai kuwa kamata ƙannenmu su fara taɓa na'urar a ranar jarrabawa ba.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, Ya bar zumunci, Ya saka wa malamanmu da alheri. Amin.

Wassalam.