Ayuba Sulaiman Diallo: daga zane zuwa hoto

Duk shekara ina koyar da tarihin cinikin bayi a nan Madawa, yara su kwafi alƙaluma su manta. Bana sai na nuna musu hotuna biyu a waya.

Na farko zanen fenti ne da William Hoare ya yi a Ingila a 1733: Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu a Senegal ta yau, da farin rawani, Alƙur'ani rataye a wuya. An kama shi a yankin kogin Gambiya, inda shi ma ya je sayar da bayi, aka kai shi Maryland ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce sanadin ƴancinsa. Ya koma gida a 1734.

Na biyu hoto ne na 2014. Omar Victor Diop, mai ɗaukar hoto ɗan Dakar, ya yi shigar Ayuba ya ɗauki kansa, cikin jerin hotunansa mai suna Diaspora.

Wata yarinya ta ɗaga hannu: "Mushe, ashe bawa ma yana da suna da uba?"

Iyaye, ku fito da hotunan kakanni daga akwati, ku rubuta sunayensu a baya tun waɗanda suka san su suna raye.